Ƙarar Babur a Aji Huɗu

Akwai kalmomi biyu da har yau in na ji su a bakin babba sai raina ya ɓaci: “wasa ne”. Na ji su a bakin iyaye, na ji su a bakin malamai 'yan'uwana, na ji su a bakin masu furfurar da ya kamata a ce sun san ciwon kansu. Yaro ya zo yana kuka, a ce wasa ne. A hankaɗa shi cikin kwata, a ce wasa ne. To ni na ga abin da wasa ya yi wa wani yaro a ajina, kuma ba zan ɓoye ba, da hannuna a ciki dumu-dumu.

'Yar Wurno ce ni, aikin koyarwa ya kai ni wata firamare a wani ƙauye gefen Goronyo, inda wasu ke noman albasa a fadama, wasu ke kamun kifi a dam. Aji huɗu aka ba ni. Tagoginmu biyu ne, duk babu marfi, ɗaya tana kallon hanyar da 'yan kabu-kabu ke bi da baburansu zuwa kasuwa.

Ba a daɗe da shiga zangon farko ba wata mata ta kawo yaro ɗan kimanin shekara goma, tana riƙe da hannunsa gam. Daga wani ƙauye ta wajen Rabah suka gudo. 'Yan bindiga sun faɗa musu da rana tsaka a kan babura, suka kore dabbobi, suka kashe na kashewa, uban yaron yana cikin waɗanda aka binne. Shi yaron uwar ce ta tura shi ƙarƙashin rumbu, can ya kwanta ya ji komai da kunnensa har aka gama. Da ƙura ta lafa suka tattaro 'yan komatsansu suka zo gidan yayanta, wani manomin albasa a garin, ya ba su ɗaki ɗaya.

Bai yi mako biyu ba na gane kaf ajin babu mai ƙwaƙwalwarsa. In na ba da aiki shi ke fara gamawa, sai ya kife littafin ya naɗe hannu, ba ya ɗaga yatsa, ba ya neman a yabe shi. Ranar da na sa shi karatu a gaban allo ya karanta shafi guda bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, alhali ina da ƙatti a bayan aji da har lokacin suke kokawa da baƙaƙe. Duk malamin da ya shekara yana fasa maƙogwaro a aji mai yara fiye da benci ya san daɗin samun irin wannan yaro. Na ƙwallafa rai a kansa.

Wata ranar kasuwa muna cikin lissafi wani babur mai fasasshiyar salansa ya wuce ta gindin taga da ƙara. Kafin in juyo daga allo yaron ya ɓace. Yana ƙarƙashin benci, ya dunƙule, ya toshe kunnuwa da hannu biyu. Sai wani ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka ɗauka. Wanda ya fara dariyar ɗan kawunsa ne, ɗan mai gidan da suke zaune, wanda shi ma a ajin yake. Yaro ne mai baki, mai iya kwaikwayo, in ya yi tafiyar hedimasta sai ka rantse hedimastan ne ya ƙanƙance.

Daga ranar suka samu abin yi. Da an kaɗa ƙararrawar tara, sai ɗan kawun da abokansa su laɓaɓo ta bayansa, su yi ƙarar babur da leɓe, ɗaya ya ƙwala ihu, “Ga su nan! Ga su nan!” Yaron ya san su ne, ya san ƙarya ce, amma jikinsa ba ya jin magana. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. Sai ya zube, ko ya ruga bayan aji, su kuma su yi ta tsalle suna tafi. Na yi faɗa, na yi tsawa, na sa su kamun kunne, ko a jikinsu. Ranar da na tarar sun zagaye shi a bayan aji yana birgima a ƙasa suna ta gurnani a kansa, idona ya rufe, na zuba wa ɗan kawun bulala uku masu kyau.

Washegari sai ga kawun a bakin ajina, da laka a ƙafa, daga fadama yake.

“Malama, mi yaron ga yay yi kinka buge shi?”

Na faɗa masa komai, ban rage ba. Yana saurare yana murmushi, abin da ya ƙara tunzura ni ke nan.

“Haba Malama, ai taubashinai na. Ɗan ƙanwata na. In bai yi mai wasa ba, wa za shi yi ma? Mu ma haka munka tashi. Ko sarki ba shi shiga tsakanin taubasai.”

Ni za a koya wa wasan taubasai? Ina da 'ya'yan kawu da na gwaggo a Wurno da in mun haɗu sai an raba mu don tsiya, a ɓoye wa mutum takalmi, a ce masa bawa, a yi dariya a watse. Amma wasan taubasai ana mayarwa, yau ka ci gobe a ci ka. Me wannan yaro zai mayar? Ubansa aka kashe. Na faɗa wa kawun haka, ya ce sanyin jikin yaron ne ya yi yawa, tsokanar ma magani ce, za ta sa ya zama namiji. Na kai maganar wurin hedimasta, ya ce, “Ki yi hanƙuri, Malama, yara na, za su bari.” Mutumin nan da a ce akwai digirin ba da haƙuri da ya daɗe da zama farfesa.

Yaron ya fara fashi, yau ya zo, gobe babu shi. Na bi shi gida. Uwar ta tare ni a ƙofar ɗakinsu, ta rage murya don kar matan gida su ji.

“Malama, mi za ni cewa? Tuwon gidanga mu ka ci, ɗakin ma nashi na. Yaya ya ce in karatun ya gagara in ba shi yaron, hwadama na son hannu. Ni kau ubanai karatu yas so mai. In dai abin bai tsaya ba, ba ni da bakin hanawa.”

Na fito gidan ina huci. Ga yaron da ya fi kowa, za a cire shi daga aji a kai shi dashen albasa, ba don ya kasa ba, sai don wasu yara suna jin daɗin ganin ya faɗi, manya kuma sun ce wasa ne. Na yi wa kaina alkawari ba zai bar ajin nan ba muddin ina cikinsa.

Ana haka aka kira mu bita ta kwana biyu a Goronyo. Wasu mutane ne daga Sakkwato suka zo da majigi da manyan takardu, suna koyar da yadda za a yi maganin cin zali tsakanin yara ta hanyar wasan kwaikwayo. Suka ce a ɗauko abin da ke faruwa da gaske a makaranta, a ba mai cin zalin matsayin wanda ake zalunta, ya tsaya a inda yake tsayawa ya ji yadda abin yake, a kuma yi a gaban iyaye don su ma su gani. Ban ga laifinsu ba, mai yiwuwa a wani wurin abin ya yi aiki. Na dawo da zumuɗi kamar wadda aka ba laƙani.

Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, mu nan wasan kwaikwayon yara ɗaya muka sani, tashe. Azumi ya kai goma yara su fito da gemun auduga da tumbin tsumma, su kwaikwayi marowaci da rago da mai kwaɗayi, a sha dariya a ba su hatsi. A tashe duk wanda aka kwaikwaya shi ne abin dariya, ba a taɓa kwaikwayon mutum don a tausaya masa ba. Na san haka tun ina yarinya, ni ma na yi tashe har muryata ta dushe. Na kuma san cewa a garin nan kaf babu gwanin tashe kamar ɗan kawun, duk shekara gida-gida ake jiran ayarinsa. Maimakon wannan ya sa in yi hattara, sai na ce ai ga ɗan wasa Allah ya ba ni a sama.

Na tsara wasan da kaina. Baƙon yaro ya zo makaranta, 'yan aji suna tsorata shi da ƙarar babur yana shigewa ƙarƙashin benci. A ƙarshe sai ya miƙe ya ba da labarin abin da ya faru da garinsu, masu tsokanar su sunkuyar da kai su nemi gafara. Na ba ɗan kawun matsayin baƙon. Kafin mu fara na kira yaron gefe na tambaye shi ko ya yarda a yi. Ya ce, “To, Malama.” Na ɗauki wannan a matsayin izini. Don Allah wane yaro ɗan aji huɗu ne zai ce wa malamarsa a'a, balle maraya da ke cin tuwon gidan wani?

Mun yi mako uku muna gwaji bayan an tashi, mu bakwai a cikin aji, ni da bulalata a kan tebur. Babu 'yan kallo, babu mai dariya, ɗan kawun yana yi a natse. Akwai ma ranar da ya zo wurin jawabin ƙarshe, inda baƙon ke cewa ya ji muryar babansa sau ɗaya daga nan bai sake ji ba, sai ya tsaya ya kasa ci gaba, ya yi ta kallon ƙasa. Na ce alhamdu lillahi, magani ya fara ci. A makonnin nan tsokanar ma ta ragu, yaron ya daina fashi. Har na fara tsara abin da zan faɗa wa hedimasta ranar da zan nuna masa ba haƙuri kaɗai ke gyara yara ba.

Ranar ba da hutu aka yi taron, da hantsi, ƙarƙashin darbejiyar tsakar makaranta. Maza a kan benci, mata a kan tabarmi, mai unguwa a kujerar hedimasta, yara sun cika ko'ina har bisa katanga. Kawun yana layin gaba. Uwar yaron tana can ƙarshen tabarma, shi kuma yana zaune cikin 'yan ajinsa. Na roƙi hedimasta tun da safe ya gaya wa jama'a wasan na wa'azi ne, a saurara da natsuwa. Da ya karɓi lasifika sai ya ce, “Jama'a, ku gyara zama, ɗiyanku za su yi muku tashe, ga shi ko azumi bai kama ba!” Wuri ya ɗauki shewa tun ba a fara ba. Da ina da abin jifa a hannu da na jefe shi.

Yarinyar da ta fito a malama ta shigo da gilashin kara a hanci, aka yi dariya. Wannan ban damu ba. Sai ɗan kawun ya shigo, ya rungume littafi a ƙirji, yana tafiya a raɓe kamar yadda yaron ke yi, babu abin da ya rage. Kowa ya gane wa ake nufi, dariyar ta ƙaru. Na ga lokacin da ta shiga kunnensa. Ya ɗago ya dubi taron, fuskarsa ta washe, duk abin da muka yi mako uku muna ginawa ya bi ruwa. Wannan ba ajina ba ne da bulala a kan tebur, filinsa ne da ya saba.

Da sauran suka yi ƙarar babur suka ce “ga su nan”, bai shige ƙarƙashin benci kawai ba kamar yadda na koya masa. Tsalle ya yi, ya wuntsila, takalminsa ɗaya ya tashi sama ya faɗo a cinyar mai unguwa. Ya cusa kai ƙarƙashin benci ya bar ɗuwawu a waje yana karkaɗawa, yana kiran “Inna! Inna!” da muryar yaron sak, har da karin harshen ƙauyensu. Wuri ya kacame. Dattawa suna riƙe ciki, mata suna faɗawa jikin juna, mai unguwa yana share hawaye da hannun riga. Wani daga baya ya ce, “A sake!” Jama'a suka amsa, a sake. Ya kuwa sake, har sau biyu, kowane ya fi na baya.

Waɗannan mutane fa ba baƙin labari ba ne. Babu wanda ba shi da ɗan'uwa ko suruki da aka kora daga gari, babu wanda bai taɓa kwana da takalmi a ƙafa ba don jin jita-jita. Sun san ƙarar da ake kwaikwaya. Amma yara ne suka fito wasa, wasan yara kuma na dariya ne, shi ke nan. Na shiga fili ina ɗaga hannu a yi shiru don a ji jawabin ƙarshe. Ɗan kawun ya miƙe ya fara, “Na ji muryar babana,” wani ya yi ƙarar babur daga bisa katanga, aka sake fashewa. Babu wanda ya ji sauran. Wata tsohuwa ta taso ta cusa masa dabino a aljihu tana sa masa albarka. Na hango uwar yaron ta ja hijabi ta rufe fuska ta fice ta bayan aji. Yaron kuwa bai motsa ba, bai yi kuka ba, yana zaune ƙiƙam har aka watse.

Hedimasta ya zo yana washe baki, wai tun da ya zo makarantar ba a yi taro mai armashi irin wannan ba. Abin da na faɗa masa ranar ba zan rubuta shi a nan ba, ya dai yi wata guda bayan hutu ba ya amsa gaisuwata.

Na tafi hutu Wurno da abin a raina, ko abinci ba na jin daɗinsa. Na yi gyaran gangar Auzinawa. Da, yara biyar ne ke tsokanar yaron a bayan aji. Da na dawo sai na tarar abin ya zama na gari. Samari a teburin mai shayi, masu faci, har matan da ke ɗiban ruwa, in ya wuce sai wani ya yi ƙarar nan da leɓe. Ranar da aka koma na kira sunansa a rajista, shiru. Washegari ma shiru. Ɗan kawun yana zaune a bayan aji ya sunkuyar da kai, na tambaye shi, ya ce yaron yana fadama.

Ana tashi na nufi fadamar ko gida ban biya ba. Kawun na fara tararwa a bakin gonarsa. Na buɗe masa wuta, na ce ya ji kunya, ɗan ƙanwarsa maraya, amma shi yana layin gaba yana dariya har da buga ƙafa. Bai yi fushi ba, da ya yi ma da na fi jin sauƙi.

“Malama, mu kallo munka zo. Wa yas shirya wasan? Ni ban cire shi ba, shi yac ce ba shi komawa. Ga shi can, in kin iya ki tai da shi.”

Yana can ƙarshen gona, ya tsuguna cikin fangali, laka har gwiwa, da damin irin albasa a gefensa yana dasawa ɗaya bayan ɗaya. Layinsa a miƙe kamar rubutunsa. Ya gaishe ni da ladabi bai daina aiki ba. Na tsuguna a kan kunya, ban damu da zanena ba, na fara magana. Na ce ya dawo, zan sa shi benci na gaba kusa da ni, duk wanda ya sake yi masa ƙarar nan sai na kore shi daga ajin ko ɗan wane ne. Na ce kar ya bari jahilcin mutanen garin nan ya raba shi da abin da babansa ya so masa. Raina yana tafasa, bakina ya ƙi tsayawa. Na zagi hedimasta, na zagi mai unguwa, na ce manyan banza ne marasa imani, duk wanda ya yi dariya ranar nan sai Allah ya tambaye shi.

Sai ya tsaya da dashen. Bai ɗago ba.

“Malama, ke ma kin yi.”

“Na yi mi?”

“Dariya. Sa'ad da takalmin yat tashi. Kin ruhe baki da gyale.” Ya ɗauki wani irin ya riƙe. “Ba su ni ka kallo ba, Malama. Ke ni ka kallo.”

Gaskiya ya faɗa. Lokacin da takalmin ya faɗo a cinyar mai unguwa, dattijon ya zabura hularsa ta karkace, abin ya suɓuce mini. Bai fi ƙiftawar ido ba, na danne da gyale, na waiga na ga kamar babu wanda ya lura. Duk tsawon hutun nan ina lissafa masu laifi ina tsine musu, ban taɓa sa kaina a wannan layin ba. Na buɗe baki in ce tari ne ya sarƙe ni, ƙaryar har ta zo kan harshena. Yaro ne, wataƙila da ya karɓa don ladabi.

Na ce, “Na yi. Ka yahe mani.”

Ya gyaɗa kai, ya ce, “Ba komi, Malama.” Ya soka irin a laka, ya danna gindinsa da yatsa, ya ɗauki na gaba. Na miƙe na kama hanyar gida. Ran Litinin na share masa wuri a bencin gaba. Bai zo ba, bai kuma sake zuwa ba har na bar garin.